FILIN ADDININ MUSULUNCI: Ɗaukar Ma'aikaci Amana Ce

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 A wannan mako muna so mu tattauna wani al'amari da ya shafi kowane mai rumfa a kasuwa da kowane mai kujera a ofis, watau yadda mu ke zaɓen wanda za mu ɗauka aiki. Maganar cin hanci mun ajiye ta gefe, domin kowa ya san haramun ne, mai ci ma ya sani, shi ya sa ya ke ɓoyewa. Abin da ya dame mu yau shi ne wani irin son zuciya wanda kan shiga mutumin kirki, mai salla a sahun farko, ya karkatar da hukuncinsa alhali shi kansa bai sani ba, har ya kwanta barci yana ganin ya yi adalci.

Bari mu fara da laifin kanmu. Shekarun baya an sa mu cikin kwamitin wata makarantar Islamiyya a cikin birnin Zariya, aka ce mu nemo ma'aji wanda zai riƙe littafin kuɗi. Mutum biyar suka kawo takarda. Mu bakwai ne a kwamitin, ba kuwa wanda ya karɓi ko anini a hannun kowa. Amma tun kafin a buɗe takardun, ana karanto sunaye, sai wani dattijo ya ce, "Wannan ai ɗan gidan Malam wane ne, mun san kakansa." Duk muka gyaɗa kai. Da aka zo kan wani saurayi ɗan Tudun Wada, wanda mahaifinsa mahauci ne, sai zauren ya yi tsit, can wani ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Ba mu ba kowa lissafi ya yi a gabanmu ba, ba mu aika a tambayo inda suka yi aiki a da ba. Muka shafa fatiha muka watse.

Kafin shekara ta zagayo littafin ya rikice. Yaron da muka ɗauka bai ci kuɗin kowa ba, Allah shi ne shaida, amma aikin ya fi ƙarfinsa. Malamai suka yi wata biyu ba albashi, domin an kasa gane abin da ya shigo da abin da ya fita. Abin da ya fi ciwo kuwa, kunyar da ta sa muka ɗauke shi ita ce ta hana mu tsawata masa, balle mu sallame shi. Shi kuwa ɗan mahaucin, mai yiwuwa ya iya, mai yiwuwa bai iya ba. Laifinmu shi ne mun yanke masa hukunci ba tare da mun gwada shi ba.

MA'AUNI BIYU

Alƙur'ani mai girma bai bar mu cikin duhu ba game da wannan. A cikin Suratul Ƙasasi, aya ta 26, an ba mu labarin ɗaukar ma'aikaci ƙarara. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa Madyana yana baƙo, ya gudo daga Masar, ba dangi, ba wanda ya san gidansu. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu da ya shayar wa dabbobi ta ba mahaifinta shawara ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa dalili biyu: ƙarfi da amana. Malaman tafsiri sun ce ƙarfin ta gan shi a bakin rijiya, amanar kuwa ta gan ta cikin kamewarsa sa'ad da su ke tafe zuwa gida. Watau dukkan biyun da ido ta gani, ba jita-jita ta bi ba.

Haka kuma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi bisa taskokin ƙasar Masar, dalilinsa shi ma biyu ne: tsaron dukiya da sanin aiki. Mu tuna fa, mutum ne da aka taɓa sayarwa a matsayin bawa, baƙo ne a ƙasar, daga kurkuku kuma ya fito. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: baƙo wanda ba a san asalinsa ba, ko wanda aka taɓa ɗaurewa bisa zalunci, in ya kawo takarda ofishinmu yau, za ta wuce tebur na farko?

Sunna ma haka ta nuna. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, Allah ya yarda da shi, ya nemi Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ba shi muƙami, sai ya hana shi, ya nuna masa cewa yana da rauni a wannan fage, muƙami kuwa amana ne da kan zama nadama ran ƙiyama. Abu Zarri ba wanda ke shakkar tsoron Allahnsa da gaskiyarsa, amma hakan bai wadatar ba. A wajen Hijira kuma, tafiyar da ta fi kowace hatsari, Manzon Allah da Sayyadina Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗu ya yi musu jagora, alhali a lokacin yana kan addinin Ƙuraishawa. Sun ɗauke shi domin ya san hanyoyin hamada, kuma sun amince ba zai tona musu asiri ba. Sau da yawa kuma, in Manzon Allah zai fita yaƙi, yakan bar Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya riƙe Madina ya ja wa mutane salla. Daf da wafatinsa ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu, saurayi ƙarami, shugaban runduna mai manyan sahabbai a ciki. Da wasu suka yi gunaguni, ya tabbatar musu cewa ya cancanta, kamar yadda mahaifinsa ya cancanta a gabaninsa.

Akwai wani hadisin na Abu Zarri da ya kamata ya tsorata mu. Buhari ya ruwaito cewa ya taɓa gorantawa wani mutum game da mahaifiyarsa, sai Manzon Allah ya gaya masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Abu Zarri yana cikin waɗanda suka musulunta tun farko-farko. In har ragowar abin da mutum ya taso a cikinsa za ta iya ɓuya cikin zuciya irin tasa, har sai ranar da fushi ya fito da ita, mu su wane ne da za mu ce tamu zuciyar ta tsarkaka?

ABIN DA TARIHIN ZAZZAU YA KOYA MANA

Mu mutanen Zazzau ba sai mun je nesa neman misali ba. Bayan jihadi sarautar Zazzau ta kasu tsakanin gidaje huɗu: Mallawa na Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu ya kuma rasu a 1821, da Barebari na Yamusa, da Katsinawa na Abdulkarimu, da Sulluɓawa na Abdussalami. Malam Musa bai tattare manyan muƙamai a gidansa ba. Yamusa ma, wanda ya gaje shi, shi ne Madakinsa. Amma mai binciken nan, M. G. Smith, cikin littafinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960, ya nuna yadda daga baya al'ada ta zama in sabon sarki ya hau, sai ya tuɓe masu sarauta na gidan da ya sauka, ya naɗa 'ya'yansa da danginsa da barorinsa. In sarauta ta koma wani gida, su ma su rama. Babu shakka kowannensu yana da hujjar da ta gamsar da shi: wa zan amince wa in ba nawa ba? Wannan hujja ita ce dai mu ke ji yau a ofisoshi duk sa'ad da sabon shugaba ya zo da mutanensa, waɗanda suka san aiki kuwa a tura su lungu su yi ta karanta jarida.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya yi gargaɗi a kan wannan. A littafinsa Bayanu Wujubil Hijira, wanda ya kammala a 1806, ya lasafta fifita wata ƙabila a kan wata, da jawo wanda bai cancanta ba a jika tare da ture wanda ya cancanta, cikin abubuwan da ke saurin rushe mulki.

Amma a cikin ganuwar nan tamu akwai misalin kishiyar haka. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu ne. Gwanintarsa ce ta sa aka damƙa masa aikin, kuma bakunan ginin ƙasa da ya ɗaga har yau masana gine-gine daga ƙasashen duniya suna zuwa kallonsu. Sunayen masu sarauta da yawa na wannan zamani sun ɓace sai a littattafai, amma unguwar Babban Gwani tana nan da sunanta. In da an ba da aikin nan bisa sanayya, da rufin ya faɗo tun daminar farko, domin ƙasa da azara ba su san ɗan gidan kowa ba.

To, daga ina wannan son zuciya na ɓoye ya ke shigo mu? Daga abin da muka tashi muka tarar. Mun gaji rarrabe mutane da sana'ar iyayensu: wannan karda ne ya gada, wancan shigege ne, mahauta da majema da makaɗa an ajiye su a ƙasa, har yanzu akwai masu raɗa cewa kakan wane bawa ne daga rinji. Zamanin Turawa ya ƙara mana wani rabon: 'yan ƙasa a cikin birni, baƙi 'yan Arewa a Tudun Wada, mutanen Kudu a Sabon Gari. Yaron da ya tashi a Kwarbai ko Unguwar Juma ko Kona, ko da ba a taɓa zaunar da shi an ce ya raina kowa ba, ya ji yadda a ke faɗin "ɗan Sabon Gari", ya ga irin murmushin da ke biyo baya. Ran da ya girma ya zauna kan kujerar ɗaukar ma'aikata, wannan murmushi ne zai dawo masa, shi kuwa ya ɗauka basira ce ko firasa.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. Makarantar Kongo a nan Zariya, wadda ta fara da horon akawuna, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta horar da ma'aikatan En'e da alƙalai da jami'an mulki daga kowane lardi na Arewa, domin aiki ya tsayu bisa ilmi da ƙa'ida. Tsarin Mulki na 1979 ya kawo ƙa'idar raba muƙaman Tarayya tsakanin sassan ƙasa, a 1996 kuma aka kafa hukuma ta musamman don lura da ita. Sai dai doka tana iya ƙidaya jihohi da ƙananan hukumomi, amma ba ta iya leƙa zuciyar mutum uku da ke zaune bayan tebur. Sau nawa kason ƙaramar hukuma guda ya kan ƙare a gidaje biyar?

MU MA ANA YI MANA

Masu bincike a ƙasashen waje sun auna wannan cuta da ma'auni. A Amurka, wasu malaman jami'a biyu, Bertrand da Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga ma'aikatu a biranen Boston da Shikago. Ilmi da ƙwarewar da ke cikin takardun iri ɗaya ne, sunaye kawai aka sauya, wasu irin na farar fata, wasu irin na baƙar fata. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna masu sunan farar fata sun fi samun kira da rabi, watau in an kira baƙaƙe biyu sai a kira farare uku. A Faransa kuma an yi irin wannan gwaji, aka buga shi a 2010, da sunayen mata biyu 'yan asalin Sanagal masu sunan iyali ɗaya, ɗaya Marie, ɗaya Khadija. Marie ta sami amsa daga wajen kashi 21 cikin ɗari na wuraren, Khadija kuwa kashi 8.

In muka ji wannan ranmu kan ɓaci, domin 'yar'uwarmu Musulma ce aka zalunta saboda sunanta. Daidai ne ran ya ɓaci. Amma galibin waɗanda suka ture takardar Khadija, da za a tambaye su, rantsuwa za su yi ba su ƙin kowa, hankalinsu ne dai bai kwanta ba. Maganar da aka faɗa a zaurenmu ke nan game da ɗan mahauci. Suratun Nisa'i, aya ta 135, ta umurce mu da tsayar da adalci ko da a kan kawunanmu ne, ko iyaye, ko dangi, ta hana mu duba wadata ko talaucin mutum, ta kuma ambaci son zuciya da sunansa a matsayin abin da ke kautar da adalci.

TO, ZUMUNCI FA?

Wani zai ce, Malam, ai addini ya yi umurni da sada zumunci, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne, amma a rarrabe. Attajirin da ke juya dukiyar kansa a kasuwar birni ko ta Sabon Gari, in ya ɗauki ɗan ƙanensa ya zaunar a shago ya koya masa ciniki, bai yi laifi ba, lada ma zai samu. Tun zamanin fataken goro haka kasuwancinmu ya tafi, maigida da yaransa, domin wanda aka san gidansu yana da abin da zai ji kunyarsa. Sai dai mu tunatar da shi abu biyu. Na ɗaya, sanin gida hanya ce ta gano amana, ba ita ce amanar ba. Shaguna nawa 'yan'uwa suka cinye, maigida ya kasa kai ƙara don kunya? Na biyu, in dukiyar ta haɗin gwiwa ce, ko akwai kuɗin marayu ko ajiyar mutane a ciki, to, ya tashi daga mai dukiya ya koma wakili.

Ma'aikacin gwamnati kuwa wakili ne tun daga farko. Gurbin aikin da ke hannunsa na jama'a ne, albashin daga baitulmali zai fito. Ɗan'uwanka yana da hakki cikin aljihunka, ka biya masa kuɗin makaranta, ka ba shi jari. Gurbin malamin asibiti ko na makaranta kuwa hakkin majinyaci ne da ɗalibi. Malaman tafsiri da yawa sun ce aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umurni da mayar da amanoni ga masu su, ta sauka ne game da mabuɗin Ka'aba ran da aka ci Makka. Abbas, baffan Manzon Allah, ya so a haɗa masa shi da shayar da alhazai, amma aka mayar wa Usmanu ɗan Ɗalha, wanda gidansu ke riƙe da shi.

MAGANI

Tun da cutar ba ta bayyana ga mai ita, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, sai an yi mata shinge. Ga abin da mu ke ba da shawara.

Na farko, a rubuta abin da aikin ke bukata tun kafin a ga sunan kowa. In an ga mutum tukuna, zuciya za ta ɗinka sharuɗɗan daidai jikinsa.

Na biyu, a yi shela sosai. Gurbin da aka faɗa a majalisar ƙofar gida kaɗai, 'yan majalisar ne za su cike shi. A sanar a masallatai da jaridu da rediyo, cikin birni da wajensa, mata ma su ji, naƙasassu su ji.

Na uku, a gwada kowa da gwaji iri ɗaya, tambaya iri ɗaya. Mai neman riƙon kuɗi a ba shi lissafi, malami ya shiga aji ya koyar, direba ya ja mota. In da hali a rufe sunaye a sa lamba kafin a duba amsoshi.

Na huɗu, a yi shawara, amma kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin babba ya yi magana. Mun san halinmu: in dattijo ya riga ya furta, kunya ba za ta bar yaro ya saɓa masa ba. Duk wanda ya ce hankalinsa bai kwanta ba kuma, a roƙe shi cikin ladabi ya faɗi abin da ya gani ko ya ji tabbas. In babu, a wuce.

Na biyar, a binciki amana yadda Sayyadina Umaru ya yi. An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani a gabansa, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umaru ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa a ce an san shi ba. Shi ne kuma, kamar yadda Muslim ya ruwaito, da gwamnansa na Makka ya gaya masa ya bar Ibnu Abza, 'yantaccen bawa, ya riƙe garin, ya yi mamaki da fari. Amma da aka ce masa makarancin Alƙur'ani ne masanin rabon gado, sai ya yarda nan take.

Na shida, in ɗanka ko surukinka ko ɗan amininka yana cikin masu nema, ka faɗa a fili ka tashi daga zaman. Wannan ya fi maka mutunci, shi ma in ya samu ba mai yi masa gori.

Na ƙarshe, kafin ka sa hannu, ka juya al'amarin a ranka: in da wannan takarda ta ɗan mahauci sunan ɗan malaminmu ne a kanta, haka zan ce? In amsar ta sauya, to, ka kama ɓarawon. Bayan an yi duk wannan sai a yi istihara a dogara ga Allah.

'Yan'uwa, Buhari ya ruwaito cewa da wani Balaraben ƙauye ya tambayi Manzon Allah yadda a ke tozarta amana, ya amsa masa cewa shi ne damƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba, ya kuma sa wannan cikin alamomin tashin ƙiyama. Malaman nan da suka yi wata biyu ba albashi suna da iyali, kuma ran gobe mu bakwai ɗin nan za su riƙe. Muna roƙon Allah ya yafe mana, ya nuna mana aibin kawunanmu tun muna da sauran lokacin gyara, ya sa mu ba kowane mai hakki hakkinsa. Amin.